Dutsen Taimamar Inna Atu

Kebbe, ranar Laraba

Zuwa ga Baffa Gidaɗo, Tambuwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Hadiza da yara. Ya kunnen? Na san amsar, shi ya sa na ɗauki biro. Wancan karon da na kira ka a waya duk kasuwar Kebbe ta ji abin da na ce, ban da kai.

Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Gwaggonka Inna Atu tana nan yadda ka bar ta. Ciwon sugan bai sake ta ba, amma gyambon ƙafafun da tsagar hannuwan sun kame tun da malamin asibiti ya hana ruwa ya taɓa su. Bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Jiya ta ce in ban yi aski ba za ta kai ni gaban alƙali a raba auren, wai ba ta zama da ango mai kan tsintsiya. Yaya Rauda ce ke kula da ita.

Ga abin da ya sa na rubuto. Littafin labarin ƙasar nan da ka ba ni, mara bango, na kai babin duwatsu. Da ƙamus nake binsa kalma-kalma, tsakanin facin wannan taya da na waccan. Shekaranjiya a majalisar ƙofar Malam Ɗangiwa na ce akwai duwatsun da a da narkakku ne, daga baya sunka daskare. Baffa, da ka ga dariya. Malam har da share hawaye da gefen rawani. Wai, "Siddiƙu, gobe in ka tashi daga faci ka narko muna ɗaya mu dama kunu." Yanzu ko yara sunka kawo keke sai su ce, "Farfesan faci, a duba iska." Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa da boko! Don ban wuce firamare ba shi ke nan bakina ya zama na kare, kome na faɗa haushi ne?

Ina son ka raba mu. Ka san baƙin dutsen nan da Inna take taimama da shi, wanda marigayi Kaka Maccido ya zo da shi daga ƙasar Jos lokacin da ya yi aikin kuza? Sumul, mai nauyi, ba a ganin ƙwaya a jikinsa, sai 'yan ramuka a gefe ɗaya. Hoton da ke cikin littafin kamar shi anka ɗauka. Irinsa ne ko ba irinsa ba ne? Ka rubuto dalla-dalla ka sa hannu, don kai suna jin maganarka, ko don shekarun da ka yi kana koyarwa. Ka ba Jumare mai kabu-kabu ran kasuwa.

Ɗanka,
Siddiƙ

Tambuwal, ranar Litinin

Ɗana Siddiƙ,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Kunne yana nan, ya huta da jin abin da bai shafe shi ba. Ka gaishe mini da Gwaggo Atu, ka ce ɗan goyonta yana gaisuwa, kuma a ci gaba da kiyaye ruwan nan.

Rabon da wani ya tambaye ni labarin dutse tun da na ajiye alli, saboda haka ka yi haƙuri in na zarce.

Kana da gaskiya. Ƙasa, iya nitsawarka iya zafinta. Can ciki da nisa akwai zafin da ya isa ya narkar da dutse, amma yawanci ba ya narkewa, don nauyin abin da ke bisansa ya danne shi. Sai fa in ya samu dalili: ko ya taso sama nauyin ya ragu, ko ruwa ya ratsa shi, ko wani zafin ya ƙaru a kansa. Nan sai wani sashe nasa ya saki, ya zama kamar ruwan rake a tukunyar masu mazarƙwaila. Masana suna ce masa magma. Da yake bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, sai ya riƙa neman hanyar sama ta tsage-tsage.

In ya maƙale a hanya ya huce a hankali, shekaru dubbai, ƙwayoyinsa sai su samu lokacin girma. Shi ne dutsen niƙan da ake kawo mana daga wajen Zuru, mai ɗigon fari da baƙi. In kuwa ya fashe ya malala a fili iska ta buge shi, sai ya daskare da gaggawa, ƙwayoyin ba su girma ba, ya fito baƙi wuluk. Ramukan da ka gani gurbin iskar da ta tsere ne yana tafasa, kamar na jikin waina. Dutsen Gwaggo irin wannan ne, ba shakka. Santsin kuwa aikin rafi ne da na tafin hannunta. Mu nan ƙasarmu ruwa ne ya shimfiɗa ta, yashi da laka da marmara, shi ya sa Malam Ɗangiwa bai san irinsa ba. Dutsen nan ya ga wutar da ta fi ta maƙera.

Ka karanta musu a hankali, ban da ɗaga murya. Malam Ɗangiwa sa'an ubanka ne.

Baffanka,
Gidaɗo

Kebbe, ranar Asabar

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaida mutan gida. Mu lafiya, sai dai abin da zan gaya maka.

Na karanta takardarka a majalisa bayan la'asar. Da fari a hankali, yadda ka ce. Na ɗauka Malam zai ce, to, Siddiƙu ya yi gaskiya. Kalma ɗaya nake so, Baffa, ɗaya tak. Sai ya ɓare goro ya ce, "In Gidaɗo yac ce, ya ce. Amma mi wanga zai ƙara ma ran lahira? Cikin kabari labarin dutse za a tambaye ka?" Anka sake kwashewa da dariya.

Ka san ni. Kaina ya ɗauki zafi, bakina ya riga ni. Na ce, "Malam, ba kai ka koya muna a zauren nan ba a taimama da abin da wuta ta dafa ba? Ƙonannen bulo, kaskon tukunya, siminti?" Ya ce haka ne. Na ce, "To ga dutsen da ya ga wutar da ta fi ta maƙera, Baffa ya sa hannu. Kuma kai ka ce wa Inna ta riƙa taimama da shi. Wa ya ɓata wa tsohuwa salla shekara da shekaru, mai faci ko mai rawani?"

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya kalle ni, ya naɗe buzunsa, ya ce Allah ya shirye ka, ya shige gida. Wallahi a lokacin daɗi na ji. Har kasuwa na zagaya don a gan ni.

Maganar ta riga ni isa gida. Ina shiga Inna ta ce, "Angona, zo nan. Mi kac ce ƙofar Malam?" Na ce gardama ce ta maza, ba ruwanki. Ta ce, "Da dutsena ciki, ba ruwana? Karanta min takardar Gidaɗo." Na karanta. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bisa dutsen. Ta ce, "Gidaɗo ba shi ƙarya, ni na goye shi." Sannan ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi, ta ce, "Rauda, ɗebo min ruwa."

Yaya Rauda ta ce Inna, malamin asibiti fa. Inna ta ce malamin asibiti ba shi zai kwanta mata kabari ba. A gabana ta kwance tsumman ƙafar ta yi alwalar magariba. Ban san ruwa yana da zafi haka ba sai da na ga fuskarta.

Baffa, ni da Malam nake, ba da ita ba. Amma ka duba mini: lissafin nawa daidai ne ko? Ina ganin daidai ne. Wuta dai wuta ce. In daidai ne, yaya za a yi da ƙafar? Tsakar ɗakin siminti ne, bangon ma an shafe. Ka amsa da wuri.

Siddiƙ

Kebbe, ranar Talata

Baffa,

Sallama. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ba amsa. Jumare ya rantse ya miƙa takardar a ƙofar gidanka. Na kira wayar Gwaggo Hadiza, ba ta shiga. In fushi kake yi ka faɗa mini. In kuwa ka ga ba ka da lokacin mai faci, shi ma ka faɗa. Ku masu takardar shaida haka kuke: ku ba mutum littafi mara bango, in ya yanke shi ku ce wa ya aike shi. Da tambaya kan ƙwayar dutse ce da tuni ka cika shafi biyu.

Ka yafe mini wannan. Ba zan goge ba, don ba ni da wata takardar.

Inna ta fara ramuwa. Ta ce duk sallar da ta yi da dutsen bashi ce a wuyanta, kuma ba ta san yawan kwanan da ya rage mata ba. Kowace farilla sai ta bi ta da wasu, daga zaune, har muryarta ta dushe. Ka san masu suga da yawan fitsari. Alwala ba ta daɗe mata. Kowane karo sai an kwance tsumma, a zuba ruwa, a mayar. Ƙafar dama ta kumbura. Ƙaramin yatsan ya fara baƙi, ɗakin ya fara wari, Yaya Rauda tana ta turare don kada masu dubiya su ji.

Na durƙusa na ce mata ƙarya na yi. Ta ce, "Ran nan kay yi ƙarya, ko yau kaka yin ta?" Malam ya aiko matarsa ta gaya mata taimamarta ta yi. Ta ce ai dole ya ce haka, shi anka kama.

Dutsen ma babu shi. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta ce Yaya Rauda ta jefa shi fadama, in ba ta jefa ba ba ta yafe ba. Yaya ta je tana kuka ta jefa, ranar da ruwa ya cika. Da na ji na shiga har ƙirji ina lalube da ƙafa. Laka, gwangwani, ƙashin jaki. Masu wanki suna kallona, ba wanda ya ce Farfesa. Gara ma su ce.

Yaya Rauda ba ta yi mini magana sai ta ajiye tuwo ta ce, "Ga shi nan, a ci a ƙara ilimi." Wannan ina iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka shi ne Inna ta daina ce mini angona. Malam Siddiƙu take cewa, kuma ba da gatse ba. Da gaske take. Jiya ta tambaye ni, wai tunda ni na sani, ko azumin da ta yi a shekarun shi ma akwai gyara.

Na fita bayan gida na tsaya, ban san me na je yi ba.

Don Allah ka rubuto.

Siddiƙ

Tambuwal, ranar Juma'a

Siddiƙ,

Wa alaikumus salam. Ba fushi ba ne. Ina Sakkwato wajen tantance 'yan fansho, Hadiza ta bi ni don ta riƙa ji mini abin da ake cewa, wayarta kuma ta faɗa ruwa. Jiya munka dawo na ishe takardunka biyu a hannun maƙwabci. Yanzu kam fushi nake yi, rabi da kai, rabi da kaina. Ka rubuta kalmar taimama ƙarara a takardarka ta fari, idona ya tsallake ta, don murnar an tambaye ni abin da na sani. Har da ƙawata magana da wutar maƙera. Tsoho da ni.

Lissafinka ba daidai ba ne. Can ƙasa babu itace, babu harshen wuta, babu mai hura ta. Zafi ne na halitta, yadda Allah ya gina ƙasar. Ba a ɗauki dutsen an dafa shi ba. Ta haka ya zama dutse tun farko. Ban tsaya kan nawa ba, na je wurin limaminmu, Malam Abdulganiyyu, na sa ya rubuta mini amsarsa don kada kunne ya cuce ni. Ya ce abin da aka hana shi ne wanda ɗan Adam ya ɗiba ya ƙona har ya fita daga yadda aka halicce shi. Dutsen da aka tsinta yadda yake, taimama da shi ta yi, ko daga ina ya fito. Ya ce babu ramuwar ko raka'a ɗaya a kanta, kuma zuba ruwa a ƙafar nan shi ne abin da za a hana ta. Malam Ɗangiwa ya kuskure labarin dutse, bai kuskure hukunci ba. Kai ka dace da labarin, sai ka ɗauke shi ka kai shi gonar da ba tasa ba.

Kada ka shiga wurinta da takardar nan kai kaɗai, ba za ta yarda ba. Ka je ƙofar Malam Ɗangiwa, a gaban mutanen da ka yi abin a gabansu, ka tuɓe takalmi. Ku shiga tare. Sannan a kawo ta nan asibiti, kada a jira. Da hawan jini bai hana ni babur ba da ni zan kawo wannan da kaina. Na ba Jumare, na ce ko kogi ya yanke hanya ya ɗora ta a ka.

Gidaɗo

Kebbe, ranar Litinin

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaida Gwaggo Hadiza, ina ba ka haƙuri kan abin da na rubuta. Takardarka ta iso jiya da hantsi, a jiƙe, amma tana karantuwa.

Na je. Majalisa a cike, kamar an yi musu shela. Na tuɓe takalmi tun daga bakin kwata, na durƙusa. Malam ya ce, "A'a, Farfesa. An narko muna dutsen?" Na haɗiye gatsen. Na ce, "Malam, na yi maka rashin kunya a nan, a nan na zo ka yafe mini. Yatsan Inna ya yi baƙi." Goron da ke hannunsa bai kai baki ba. Ya ce, "Baƙi? Kuma kuna zaune?" Ya miƙe ko buzu bai naɗe ba. Ni ke bin sa a baya da takalmi a hannu, tsoho yana sauri ina haki.

Mun ishe ta Yaya Rauda na kwance mata tsumma za a yi alwalar azahar. Malam ya tsaya bakin ƙofa ya ce a dakata. Na karanta takardarka. Na karanta a hankali, Baffa, wannan karon da gaske. Ta bi ni har wajen zafin halitta, daga nan na ga ta ɓace. Ta ce, "Ni ban gane wagga doguwar magana ba. Ya narke ko bai narke ba?"

Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Bai narke ba, Atu! Dutse bai taɓa narkewa ba, tatsuniyar 'yan boko ta. Ke da hankalinki."

Baffa, ka san abin da na ji. Duk abin da na sha a kan maganar nan, ga takardarka a hannuna da sa hannunka, ga amsar limaminku, mutumin nan ya share duka da jimla ɗaya. Amsa ta taso mini har maƙogwaro, mai kyau, wadda ba zai iya ɗagawa ba. Sai na ga ƙafar a kan tabarma, babu tsumma.

Inna ta juyo ta ce, "Malam Siddiƙu, haka na?"

Na ce, "Inna, sallarki ta yi. Malam ya faɗa, Baffa ya faɗa, limamin Tambuwal ya faɗa. Ni kaɗai na ce ba ta yi ba, ni kuwa faci na iya."

Ta ce, "Ba ita nit tambaye ka ba. Ya narke?"

Ban ce ya narke ba. Ban ce bai narke ba. Na sa ido a kan butar. Malam ya yi gyaran murya. Yaya Rauda ta daina motsi.

Sai Inna ta yi wata 'yar dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Ikon Allah. Yau an tambayi wanga yaro ya rasa baki. Tun da anka haife shi ban ga haka ba." Ta ƙara kallona. Sannan ta ce, "Rauda, ɗauke butar ga."

Malam da kansa ya zagaya ta bayan gidanmu ya ɓantaro hoge daga tsohuwar katangar ƙasa, ya hure shi, ya ajiye mata. Da shi ta yi azahar, raka'a fuɗu, ba ƙari. Da muna fita ya ce mini, "Ka ga yadda aka magana da tsofaffi?" Na ce na gani. Har yanzu na san dutsen ya narke, amma na ce na gani.

Malamin asibiti ya zo da yamma ya duba. Ya ce ƙafar za ta tsira in an yi sauri, yatsan kuwa ba ya jin zai tsira. Inna ta ce yatsa ɗaya cikin goma, ai zakkar hatsi ce anka fitar. Kowa ya yi dariya ban da ni. Mun samu mota, gobe da sassafe za mu taso in hanya ta bari. Jumare zai riga mu da wannan.

Hogen yana marmashewa, ba zai kai Tambuwal ba, kuma an ce ɗakin asibiti duk siminti ne. Ta ce in gaya maka ka samo mata dutse kafin mu iso, daidai tafin hannu, mai santsi. Ta ce kai ka zaɓa, ta yarda da kai. Amma don girman Allah, kai da ni, kada wanda ya gaya mata tarihinsa.

Ɗanka,
Siddiƙ